Wasiƙa ga ɗan ƙanwata mai son a sayar da garke ya tafi Ingila



Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Yamai. Mutanen gida nan Filinge duk lafiya lau, an gama yankan hatsi, ana ta roron wake. Na zaɓi in rubuto maka a fili, inda sauran samarin Kurfai za su gani, don na san ba kai kaɗai ke yawo da irin wannan takarda cikin salula ba. Daga Shikal har Bonkuku, duk gidan da yaro ya ci jarrabawar bak bana, akwai uwar da ake matsa wa lamba.

Uwarka ta kawo mini takardar da ka turo, na sa wani malamin Ingilishi na lise ya karanta mini ita layi bayan layi. Ka ce mata jami'ar Ingila ta ɗauke ka karatun tafiyar da kasuwanci. Abin da ke rubuce dabam ne. Kwaleji ce ta kamfani, mai zaune a harabar jami'ar, ta ɗauke ka shekarar share fage. Sunan jami'ar ne babba a saman takarda, sunan kwalejin yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kai kuma na sama ka karanta wa uwarka.

Ban ce damfara ce ba. Kamfanoni irin su Kaplan da INTO da Navitas da Study Group sun daɗe da ƙulla yarjejeniya da jami'o'i a Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya, kuma aikinsu a fili yake. Suna karɓar ɗalibin waje wanda Ingilishinsa ko makinsa bai kai ba, su riƙe shi kamar wata tara suna koya masa harshe da yadda ake rubuta aikin jami'a da ɗan lissafi da tushen tattalin arziki. In ya kai makin da aka yanka, ya shiga ajin farko na jami'ar. In bai kai ba, kuɗinsa sun tafi, bizarsa ma ta bi su. Wasu na wucewa, wasu na faɗuwa, kuma hoton waɗanda suka wuce kaɗai ake nuna maka.

Akwai tambayar da ba wanda ya sa ka yi. Yaron Najeriya shekara 12 yake yi kafin ya gama sakandare, ɗan Ingila kuwa 13, shi ya sa ake cika wa ƴan Najeriya shekara ɗaya. Kai shekara 6 ka yi a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Ka haɗa, 13 ne. Abin da ya rage maka galibi Ingilishi ne. Ka taɓa rubuta wa jami'ar da kanka ka tambaye ta ko bak ɗinka da jarrabawar IELTS sun isa ka shiga kai tsaye? Ingilishi kuwa ana koyonsa a Akara, inda ƴan Nijar da yawa ke zuwa don haka, ana koyonsa a Sakkwato da Zariya, kan kuɗin da bai kai rabin rabin na Ingila ba.

To mu zo ga lissafi, tunda kasuwanci kake son karantawa. Kuɗin irin wannan shekara a Ingila yakan kama daga fam 15,000 zuwa 25,000. Mu ɗauki 20,000, mu sa fam ɗaya sefa 750: miliyan 15 ke nan. Hukumar Ingila ba ta ba da biza sai ka nuna kuɗin zaman wata tara, fiye da fam 10,000 ko a wajen Landan ne, kuma sai sun kwana 28 a banki ba a taɓa su ba. Ka ƙara kuɗin asibiti fam 776 a shekara, da kuɗin biza, da tikitin jirgi, da rigar sanyi. Ka doshi miliyan 25 kafin ka taka ajin farko, kuma akwai shekara uku a gaba, kowace da kuɗinta. Ko da an sayi kowace saniya jaka 300, shanu sama da 80 ake magana a shekarar farko kaɗai. Garken da marigayi ubanka ya bari bai kai rabin wannan ba, kuma akwai rabon ƙannenka mata a ciki. Ka ce za ka yi aiki can ka biya saura. Ɗalibin share fage galibi awa 10 a mako doka ta ba shi, wani ma ko awa ɗaya ba a ba shi. Awa 10 ba ta biyan kuɗin ɗaki.

Sannan mutumin ofishin nan na Yamai da ke ce maka taimako yake yi, ba ya karɓar ko dala. Ɗana, ka sha raka ubanka kasuwar Balayara ran Lahadi, ka san dillali ba ya wuni cikin rana don Allah kaɗai. Na kasuwar dabbobi dai kowa ya san la'adarsa, a gaban idonka ake ƙirga masa ita. Wannan kuwa kwalejin ce ke ba shi kaso daga kuɗin da za ku biya, don haka inda kasonsa ya fi tsoka can zai tura ka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar da uwarka ta ce ya yi, wai akwai wanda zai zuba kuɗin aro a asusunka na kwana 28 a nuna wa masu biza, a biya shi wani abu a kai. Riba ce da ƙarya a ƙunshi ɗaya. In aka gano yaudara a takardunka, hukumar Ingila na iya rufe maka ƙofa shekara 10. In ma ba a gano ba, da me za ka ci abinci ranar da mai kuɗi ya janye kuɗinsa? Wace albarka kake nema a karatun da aka aza harsashinsa kan rantsuwar ƙarya?

Akwai yaron wani aminina, ba zan faɗi gidansu ba, an san shi. Shekarun baya wani dillali irin wannan ya tura shi Kibris ta Arewa da alkawarin ragin kuɗin makaranta da aikin yi. Uban ya sayar da gonar fadama da ke cikin dallol, wadda kakansa ya sare da hannunsa, ya haɗa da bijimai. Yaron ya je ya tarar da ragin nan na rabin kuɗi ne, aiki babu, sai wankin kwano a ɓoye. Da kuɗi suka yanke, makaranta ta riƙe takardunsa, izinin zama ya mutu, tara tana hawa kullum. Sai da dangi suka yi karo-karo aka dawo da shi. Yanzu yana Yamai, kunya ta hana shi zuwa gida ko da Salla. Uban nan na gan shi da idona yana ƙodago a gonar da dā tasa ce. Ranar da aka yi cinikin gonar ina wajen, na yi magana, aka ce hassada ce irin ta tsofaffin da ba su taɓa hawa jirgi ba. Har yau in na bi ta gefen fadamar nan sai na kau da kai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kuma in faɗa maka gaskiya, ban ga alamar ɗan kasuwa a jikinka ba tukuna. Hutun da ya wuce na ce ka zauna shagon baffanka ka riƙe masa littafin shiga da fita, ka ce kai ba yaron shago ba ne. Ka wuni ƙarƙashin bedi kana dannar salula. Ku yaran yanzu ofis kuke so da kujera mai juyawa, ba ku son alƙalami da ƙura. Ni a Babbar Kasuwar Yamai na koyi aikin nan, wajen wani Alhaji mai sayar da atamfa, Allah ya jiƙansa. Kowace magariba sai na kwafe bashin ranar cikin littafi na biyu in kai gida, in ba haka ba ba ni da tuwon dare. Da gobarar 1982 ta cinye kasuwar, kaya sun ƙone, littattafan mutane sun ƙone, waɗanda ake bi bashi da yawa suka yi lamo. Alhaji da littafin gida ya tashi. Ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, daga Doso har Tawa, kafin a buɗe sabuwar kasuwa a 1987 ya koma kan ƙafafunsa. Bai taɓa zama aji ba, amma ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mutanen wancan zamani sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga shanu na faɗuwa a bakin rijiya, shi ya sa ba su wasa da abin da ya tsira. Shanun da kake son a kora kasuwa jikokin waɗanda suka tsira ne, jajayen Azawak irin na Tukunus, kuma ka san wahalar da ake sha wajen tsare su yanzu da hanyar Abala da Sanam ta zama abin da ta zama.

Ba na ƙin tafiya neman ilmi. Ibrahim Hassan Mayaƙi, ɗan zuri'ar Mayaƙi ta nan Filinge, ya yi karatu mai zurfi a Kanada da Faransa, ya riƙe firaminista daga 1997 zuwa 2000, ya shugabanci hukumar NEPAD daga 2009 zuwa 2022. Ina so ka tafi, amma da ƙafarka, kuma a lokacinsa. Ƙasashen nan suna canza doka yadda suka ga dama. Faransa ta dakatar da biza bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ɗalibai da takardun karɓa a hannu suka rasa hanya. Kanada ta yanke adadin ɗaliban waje a Janairun 2024, ta ninka kuɗin da ake nunawa. Mai garke ɗaya ba ya jingina shi ga dokar da ba a shawarce shi ba.

Ka yi rajista a tsangayar tattalin arziki ta Jami'ar Abdu Mumuni, ko ka nemi sashen gudanarwa na jami'ar Tawa. Na san akwai cunkoso da yajin aiki, shekara kan ja ta shiga wata. Amma a nan za a koya maka dokar kasuwanci ta OHADA da tsarin lissafinta, wanda ƙasashe 17 ke aiki da shi, wanda kuma duk kamfanin da zai ɗauke ka a Yamai ko Abijan zai tambaye ka. Jami'ar Ingila ba ta koyar da shi. In makarantar kuɗi ce ka zaɓa, ka tabbata hukumar CAMES ta amince da diflomarta. Ka kai takardunka ANAB, hukumar tallafin karatu, ka nemi gurbin Maroko, ka nemi na Turkiyya, wadda ke ba da shekarar koyon harshe a kan kuɗinta. In ka gama lisansi da maki mai kyau da Ingilishi a bakinka, ga makarantar CESAG a Dakar, ga mastar ta shekara ɗaya a Ingilar kanta. Kafin nan, duk hutu ka zo ka zauna da baffanka ka gane mana abin da faɗuwar naira tun 2023 ta yi wa kuɗin rago, da yadda rufe iyakar Benin ya sa kaya ke zagayowa daga Lome ta Burkina, da dalilin da ya sa cukun matanmu da wakenmu ke barin Kurfai da arha su yi tsada a Yamai.

Ga abin da na gaya wa uwarka, na kuma gaya wa baffanka a gabanta. Ba saniyar da za a daura wa igiya sai na ga amsar jami'ar da kanta kan bak ɗinka, da rubutaccen makin da ake bukata don wucewa, da sharaɗin mayar da kuɗi in an hana biza, da lissafin shekara huɗu cif da hannunka, ka nuna inda kowane miliyan zai fito, ban da rabon ƙannenka. In ka kawo su lissafin ya tsaya, ni zan raka ka tasha. Ka daina kiran uwarka da dare kana yi mata fushi, hawan jininta ya tashi. In kana da magana, ni za ka kira.

Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ta hanyar halal.

Wassalam.

Kawunka, daga Filinge.