Darasi a Kan Ƙwayar Barci

Ya ku 'yan'uwana 'yan kwaleji, mun saba jin gargaɗi a kan wiwi da giya da sauran kayan maye. Amma akwai wani magani wanda ba a cika jin tsoronsa ba, gama likita ne ya ke rubuta shi da hannunsa. Shi ne ƙwayar barci. Abin da na ke so mu lura da shi a wannan darasi shi ne, jikin mutum ya kan saba da wannan ƙwaya har ya kasa rabuwa da ita, ko da shi mai natsuwa ne, bai taɓa ƙara ko guda a kan abin da aka rubuta masa ba.

Bari mu fara da tarihinta, domin abu guda ne ya yi ta maimaita kansa a ciki. A shekara ta 1903 waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Emil Fischer da Joseph von Mering, su ka fito da maganin da aka sayar da sunan Veronal. A 1912 ɗan'uwansa Luminal ya biyo baya, watau fenobabiton, wanda har yanzu a ke ba masu farfaɗiya. Waɗannan su na sa barci ƙwarai, amma tsakanin gwargwadon da ke sa barci da wanda ke kisa ba nisa, mutane da yawa kuwa sun kwanta ba su tashi ba. A 1957 aka fito da talidomaid a Jamus, aka ce ga maganin barci marar lahani, har mata masu ciki su na sha. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. Sa'an nan wani masani mai suna Leo Sternbach, na kamfanin Roche, ya gano wani dangi dabam da a ke kira benzodiyazefin. Librium ya fito a 1960, Valium kuwa, watau diyazefam, a 1963. Su ma aka yi murna da su, gama ba su da saurin kisa kamar na farko. Sai da aka ɗauki shekaru kafin a yarda cewa su ma su na kama jiki. A 1988 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Ingila ya gargaɗi likitoci kada su ba da su fiye da mako 2 zuwa 4.

To, yaya ƙwaya ta ke kama mutum? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA, aikinsa kamar na birkin keke ne, shi ne ya ke rage gudun jijiyoyi domin mutum ya natsu. Ƙwayar barci ba ta kawo barci daga waje, ƙarfin wannan birki kaɗai ta ke ƙarawa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta son a danne ta kullum. Idan an yi ta matse birkin kowane dare, sai ta rage jinsa, ta gyara kanta yadda za ta yi aiki duk da ƙwayar. Cikin 'yan makonni ƙwaya guda ba ta yin abin da ta ke yi dā. Ran da mutum ya daina sha kuwa, sai ƙwaƙwalwa ta zama kamar keke a gangare ba birki. Ido ya bushe fiye da dā, zuciya ta yi ta bugawa, hannu ya na rawa, ga gumi, ga fargaba ba dalili.

A nan ne tarkon ya ke, ina roƙonku ku riƙe shi da kyau. Mutumin da ya ga haka ba zai ce ƙwaya ce ta jawo masa ba. Cewa zai yi, "Ashe ciwona bai warke ba, ga shi da na bar magani ya dawo." Sai ya koma ya karɓo wani. Alhali abin da ya fara hana shi barci, ko rasuwa ce ko jarrabawa, watakila ya wuce tuni, abin da ya ke ji yanzu ƙishin ƙwayar ne kawai. Saboda haka ni a ganina bai kamata a riƙa kiran irin wannan mutum ɗan ƙwaya ba. Yawancinsu iyayenmu ne da kakanninmu, ba maye su ka nema ba, barci su ka nema.

Ko kafin a kai ga kamuwa, akwai illolin da su ka shafe mu musamman, mu da za mu tsaya gaban yara. Diyazefam ya na daɗewa a jini, ya kan fi kwana guda kafin rabinsa ya fita. Wanda ya sha da dare, da safe ya na nan da nauyin kai da kasala, ko da shi ke a ganinsa ya farka sarai. Waɗannan ƙwayoyi kuma su na rage barci mai zurfi, su na hana sabon abu zama a ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya yi karatu har tsakar dare da goro da kofi, sa'an nan ya haɗiyi ƙwaya domin ya runtsa, ya yi ɗibar ruwa da kwando ke nan. Ga tsofaffi kuwa hatsarin faɗuwa ne, su tashi fitsari da dare jiri ya kwashe su, ƙashin kwatangwalo ya karye.

Sababbin da su ka fito daga baya ba su kuɓuta ba. An yarda da zolfidem a Amurka a 1992. A 2013 hukumar magunguna ta ƙasar ta rage abin da a ke ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, domin an ga ya na kwana a jininsu har lokacin tuƙin safe. A 2019 kuma ta sa a buga babban gargaɗi a jikin kwalinsa, gama an sami masu tashi cikin barci su yi tafiya, har su tuƙa mota, gari ya waye ba su tuna kome ba.

A nan Nijeriya waɗanda aka fi sani su ne diyazefam da Lexotan da Rohypnol. Doka ta ce ba a sayar da su sai da takardar likita, amma kowa ya san akwai kantunan magani da ba su tambaya. Mafi muni duka shi ne haɗa su da giya ko burukutu, ko kodin, ko tiramadol. Kowannensu ya na danne numfashi, in sun taru a ciki ɗaya numfashin ya na iya tsayawa cikin barci.

Idan akwai wanda ya daɗe ya na sha, a cikinmu ko a gida, kada ya yar da ita dare ɗaya. Wannan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har rai ya salwanta. Wata likitar Ingila, Heather Ashton, ta yi shekara 12 a birnin Newcastle, daga 1982 zuwa 1994, ta na taimakon masu son bari. Hanyarta ita ce ragewa kaɗan kaɗan, misali kashi 1 cikin 10 bayan mako ɗaya ko biyu, ko da abin zai ɗauki watanni. Lalle likita ne zai tsara wannan. Mai farfaɗiya kuwa da ke shan fenobabiton, wannan magana ba tasa ba ce, kada ya taɓa maganinsa.

Ban ce ƙwayar ba ta da rana ba. Wanda aka yi wa rasuwa ya kwana uku bai runtsa ba, 'yan kwanaki da ita za su taimake shi. Amma ga rashin barcin da ya daɗe, a 2016 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce a fara da gyaran al'adar barci kafin magani. Mutum ya riƙa tashi lokaci ɗaya kowace safiya, ko ya yi barci ko bai yi ba. Ya bar goro da shayi da kofi tun daga rana tsaka, gama rabin ƙarfinsu na nan a jiki bayan kamar awa 5. In ya kwanta misalin minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna, ban da duban wayar hannu, sai gyangyaɗi ya kama shi ya koma gado.

In kuwa likita ya ga lalle sai ya rubuta maka, tambaye shi tun ba ka tashi daga kujera ba: kwana nawa za ka sha, yaya za ka daina, da me kuma ba za ka haɗa ta ba.