Darasi Daga Fadamar Haɗejiya da Nguru

Kowane hunturu tsuntsaye daga Turai sukan sauka a Dagona, cikin Jihar Yobe, baƙi kuma su zo kallonsu. Amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke rayar da fadamar, kachalla kuma ta toshe magudanai. In ruwa ya ƙafe, tsuntsu ba ya zuwa, balle baƙo. Don haka kafin mu gina masauki, mu fara tabbatar da ruwa. Masauki ya zauna a tudu, masai nesa da kogi, a shiga da kwalekwale, masunta su yi jagora su sami abin kansu. Mu tuna, amana ce Allah ya ba mu.