Katin Sadarwa da Matsalar Ɓatan Adireshi a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke hulɗa da 'yan uwanta tana da wani ɗan allo da ake kira katin sadarwa, wanda shi ne ƙofar da saƙo ke bi ya shiga ko ya fita. Saƙon ba ya tafiya a dunƙule. Akan yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kuma a tsarin Ethernet da aka saba da shi kowane ƙunshi ba ya ɗaukar kaya fiye da bayit 1500. Tsakanin katin da babban tsarin da ke tafiyar da na'urar, kamar Linux ko Windows, akwai wani jerin umarni da ake kira direba, wanda ke gaya wa katin abin da zai yi.

Da a ce cibiyar lissafin na'urar ce za ta riƙa kwashe kowane ƙunshi da kanta daga kati zuwa ƙwaƙwalwa, to da ba ta sami sararin yin wani aiki ba. Saboda haka aka bai wa katin izinin shiga ƙwaƙwalwar kai tsaye, ya ɗauki kaya ko ya ajiye. Wannan dabara ita ake taƙaitawa da haruffan DMA. Aikin direba a nan shi ne ya nuna wa katin gurbin da zai je, wato ya ba shi adireshi.

To, a nan gizo ke saƙar. Adireshin da cibiyar lissafi take kiran wani gurbi da shi daban yake da wanda kati ya san gurbin da shi, tamkar gida ɗaya ne da makwabta suka san shi da sunan mai shi, ma'aikacin gidan waya kuwa lamba kawai ya sani. Kafin a miƙa wa kati wani gurbi, dole direba ya roƙi babban tsarin ya fassara masa adireshin. Wannan fassara ita ce daidaita adireshi, kuma tana iya gagara.

Dalilin gagararta a fili yake. Tsofaffin katuna masu shiga ramin ISA layukan adireshi 24 kawai gare su, don haka ba sa hangen abin da ya wuce megabayit 16 na farko. Kati mai layuka 32 yana iya ƙirga gurabe 4,294,967,296, wato gigabayit 4, alhali na'urorin yau sun ninka haka sau da yawa. Idan kayan suna can inda kati ba ya kaiwa, Linux yakan kwafe su zuwa wani zango da aka keɓe a ƙasa, wanda girmansa a bisa al'ada megabayit 64 ne. Zango kuwa yana cika. A wasu na'urorin kuma akwai wani mai gadi da ake kira IOMMU, wanda ke riƙe da rajistar adireshin da aka yardar wa kowane kati, kuma shi ma guraben da yake rabawa suna iya ƙarewa idan aiki ya yi yawa.

Idan fassara ta gagara, tsarin ba ya ihu. Yakan dawo da wata lamba ta musamman a madadin adireshi, a matsayin alamar gazawa. Wajibi ne direba ya gwada kowace amsa da umarnin dma_mapping_error kafin ya miƙa ta ga kati. Wasu marubuta direba sukan ɗauka cewa duba ko amsar sifiri ce ya wadatar. Wannan kuskure ne, domin a wasu na'urori sifiri adireshi ne ingantacce, kuma a Linux na yau alamar gazawa lamba ce da dukkan gurabenta suka cika da 1.

Kati ba shi da hankalin tantance adireshin gaskiya da na ƙarya. Inda aka aike shi nan yake zuwa. Idan akwai mai gadi, zai tare shi ya rubuta ƙara. Idan babu, katin na iya aika abin da ba saƙo ba zuwa waje, ko ya zuba kaya a inda ba muhallinsu ba. Mafi muni shi ne ɓarnar kan bayyana daga baya, a wani sashe da ba shi da alaƙa da sadarwa. Ɗalibin ilimin halittu ba zai ji wannan baƙon abu ba. Sunadaran da ƙwayar halitta ke ƙerawa suna ɗauke da alamar inda za su, binciken da ya sa aka bai wa Günter Blobel kyautar Nobel a 1999. Akwai wata cuta ta gado da ba a cika samu ba, inda sinadaran narkar da shara ke rasa alamarsu, sai a fitar da su waje maimakon a kai su jakar da za su yi aiki, sharar kuwa ta taru a cikin ƙwayar.

Me ya kamata direba ya yi idan ya gano gazawar? A wajen aikawa, ya jefar da ƙunshin, ya saki gurbin da ya riƙe, ya ƙara ɗaya a ƙidayar waɗanda suka ɓata. Wannan ba asara ba ce mai girma, tunda ƙa'idar TCP takan sake aiko duk abin da bai isa ba. Sai dai ƙunshi ɗaya kan kasance a warwatse cikin gutsattsari da dama. Idan na farko da na biyu sun daidaitu, na uku ya ƙi, dole a koma a warware biyun nan. Wanda ya bar su ya kashe maciji bai sare kansa ba, domin sun ci gurbi a zango har abada, kuma kowace gazawa tana matso da ta gaba. A wajen karɓa kuwa, hikimar ita ce a daidaita sabon gurbi tukuna kafin a miƙa tsohon da ya cika. Idan sabon ya gagara, sai a zubar da abin da ya shigo a mayar wa kati tsohon, don kada hannunsa ya zama wayam.

Wahalar wannan darasi ita ce hanyar gazawa ba a cika bin ta ba, don haka kuskuren da ke cikinta yana iya kwana shekaru. Shi ya sa a 2009 aka sanya wa Linux wani tsarin bincike mai bin sawun kowace daidaitawa, daga baya aka ƙara masa ikon yin gargaɗi ga direban da ya yi sara bai dubi bakin gatari ba.

Akwai kuma wata daidaitawar ta daban, inda ake bai wa ma'ajiyar da ke jikin katin adireshi a cikin na'urar don direba ya iya taɓa ta. A 2008, lokacin gwajin Linux 2.6.27, wasu katunan Intel masu amfani da direban e1000e suka daina aiki kwata-kwata, ko da an kashe na'urar an kunna. Da farko direban aka zarga. Bincike ya nuna cewa wani kayan bin sawu mai suna ftrace ne ya riƙe tsofaffin adireshi na umarnin da aka riga aka kawar, aka sake bai wa ma'ajiyar katin waɗannan adireshi, shi kuwa ya yi rubutu a kansu. An dakatar da wannan sashe na ftrace har aka sake masa fasali, tun kafin a gano hakan kuwa an riga an sa direban ya kulle ma'ajiyar katin da zarar ya fara aiki.