IDAN AN RUFE ƘOFAR YARA: DARASI DAGA ASIBITIN HASIYA BAYERO

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Wani bawan Allah mai shagon atamfa a bakin Titin Ibrahim Taiwo, ta wajen Kantin Kwari, ya tare ni bayan sallar la'asar da wata tambaya. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, idan gwamnati ta rufe wurin da ake kula da yara, asibiti ne ko gidan marayu ko makaranta, mu kuma muka fito muka ce ba mu yarda ba, shin mun saɓa wa shugaba ke nan? Domin maƙwabcina ya ce wannan tawaye ne." Na ce me ya kawo maganar? Ashe musu ne ya kaure tsakaninsu a kan Asibitin Hasiya Bayero. Ɗaya mai jar hula ne, ɗayan kuma ba ya sa ta. To ka ga inda musun zai nufa. Na yi masa alƙawarin zan rubuta amsar a nan, domin na san ba shi kaɗai yake da wannan tambaya ba.

Bari mu fara da abin da ya faru, saboda waɗanda ba mutanen Kano ba. Asibitin Hasiya Bayero asibitin yara ne na gwamnatin jiha, yana cikin birni kusa da Gidan Sarki, an sa masa sunan mahaifiyar marigayi Sarki Ado Bayero. Shekara da shekaru nan ne mafakar talaka idan jikin yaro ya yi zafi. Uwa daga Fagge za ta goya ɗanta, ta hau adaidaita, ta shiga ta Ƙofar Mata, kafin ka ce kwabo ta isa. A zango na biyu na mulkin Dakta Abdullahi Umar Ganduje aka rufe shi. Mutane suka yi ta ƙorafi a rediyo da majalisun unguwa, maganar da ta yaɗu ita ce an sayar. Jami'an waccan gwamnati sun musa, suka ce yarjejeniya ce aka ƙulla da kamfani mai zaman kansa, kuma ai akwai sabon asibitin yara a Titin Gidan Zoo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Disamba na 2017, aka sa masa sunan Khalifa Isyaka Rabi'u daga baya. Da Injiniya Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu 2023, bai daɗe ba ya ba da umarnin a dawo da asibitin hannun gwamnati, aka gyara shi, aka sake buɗe shi a watan Agusta na 2023.

Wannan shi ne labarin a taƙaice. Ni ba alƙali ba ne tsakanin gwamnatocin biyu, kuma ba wannan ne aikin shafin nan ba. Abin da nake so mu koya shi ne ma'aunin da za mu riƙa auna irin wannan lamari da shi, ko wa yake kan kujera.

Malaman fiƙihu suna da wata ƙa'ida da suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta: duk abin da shugaba zai yi da kayan jama'a, sai ya kasance a ɗaure da maslahar jama'ar. An ruwaito daga Imamu Shafi'i cewa ya kwatanta matsayin shugaba a kan talakawansa da matsayin waliyyi a kan maraya, kuma asalin kwatancen daga Sayyidina Umar ne, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya ɗauki kansa haka game da baitulmali. To, ku duba me littattafanmu na Malikiyya suka ce a kan wanda aka bar wa wasiyyar maraya. Yana iya juya kuɗin maraya, ya saya ya sayar. Amma da an zo kan gida ko fili, sai malamai suka tsananta. Ba ya sayarwa sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyar da marayan, ko gidan yana neman rushewa babu kuɗin gyara, ko za a musanya masa da wanda ya fi shi. Me ya sa? Saboda kuɗi suna narkewa, gini kuwa yana nan. Suratul An'am da Suratul Isra'i duka sun hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Ku lura, ba hanya mai kyau kawai ba, wadda ta fi kyau.

Idan haka ne a gidan maraya guda ɗaya, ina ga ginin da 'ya'yan gari duka suke kwana a cikinsa idan cuta ta kama su?

Saboda haka rufewa a kan kanta ba haramun ba ce. Akwai rufewar da ita ce daidai. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Bayan nan aka bi irin waɗannan gidaje a Katsina da Kano. Wanda duk ya ga hotunan nan ba zai ce a bar su a buɗe ba. Akwai kuma rufewar tilas. Bayan sace 'yan matan Jangebe ta jihar Zamfara a watan Fabrairu na 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da suke bayan gari don tsoron kada abin ya iso mu. Tunkuɗe ɓarna ke nan, kuma shari'a ta san shi. Sai dai ko a nan tambaya ba ta ƙare ba. Yarinyar da aka sallamo daga makarantar kwana, ina ta je washegari? An sama mata aji a wani wuri, ko tana gida tana jiran a yi mata aure, ko an ɗora mata faranti? Tambayar da ake yi wa kowace rufewa ke nan: yaron da yake ciki jiya, yau yana ina, kuma nawa uwarsa za ta kashe kafin ta kai shi?

Wannan ta ƙarshen ita ce masu ofis suke mantawa. A takarda, asibiti a Titin Gidan Zoo ya maye gurbin asibiti a cikin birni, gado ya maye gurbin gado. Amma ka tambayi matar ɗan dako a Kwari ko mai tura kura a Kasuwar Singa. Hawa ɗaya ya zama hawa biyu. Kuɗin da aka ware na magani ya tafi a mota. Sai a ce bari mu gani zuwa gobe, a sayo na ɗari biyu a kemis, a jiƙa masa sassaƙe. Goben nan ita ce take cinye yara. Zazzaɓin cizon sauro a damina ba ya jiran gobe, amai da gudawa ba sa jira. Kuma kun dai ga yadda cutar mashaƙo ta yi mana a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, yadda iyaye suka yi ta jigilar yara zuwa Asibitin Murtala da Asibitin Zana da ke nan Titin Faransa. A irin wannan lokaci kowane gado rai ne.

Yanzu ga labarin da nake so kowa ya riƙe. Ibn Sa'ad ya kawo shi a cikin Ɗabaƙat, zan ba da shi da ma'ana. Wani ayarin fatake ya sauka a filin sallar Madina. Mu mutanen Fagge mun san wannan, don unguwar tamu ma asalinta zangon ayari ce a bayan ganuwa. Sayyidina Umar, yana halifa, ya nemi Abdurrahman ɗan Aufu su je su yi gadin baƙin nan da dare. Suna nan suna salla suna gadi, sai Umar ya ji kukan jariri. Ya je ya ce da uwar ta lallashe shi. Ya koma, kuka bai tsaya ba. Ya sake zuwa. A ƙarshen dare ya je ya yi mata faɗa sosai. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta mayar masa cewa ya dame ta, yaye yaron take ƙoƙarin yi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba ta yi ya shiga salla, mutane ba sa iya jin karatunsa saboda kuka. Da ya sallame ya zargi kansa a kan yaran da ƙila dokarsa ta halaka, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, daga yau duk abin da aka haifa yana da kasonsa. Aka rubuta wa sauran garuruwa haka.

Ku tsaya a kan wannan kaɗan. Dokar Umar ta farko ba zalunci aka nufa da ita ba. Tana da hankali a cikinta, ai jariri nono yake sha, me zai yi da dirhami? A takarda daidai take. Amma da ta sauka a zangon fatake sai ta zama yunwar jariri. Kuma ta ina Umar ya sani? Ba daga bakin wani gwamna ko ma'aji ba. Daga bakin mace matalauciya mai jin haushi, wadda ta ambaci sunansa cikin ƙorafi. Bai ce ta yi tawaye ba. Bai ce wa ya turo ta ba. Da ta yi shiru don ladabi, da dokar ta ci gaba.

Ga amsar mai tambaya ke nan. Fita daga ɗa'a da malamai suka yi gargaɗi a kai shi ne warware mubaya'a da ɗaukar makami da jefa gari cikin fitina. Faɗa wa shugaba cewa matakin da ya ɗauka yana cutar da yara nasiha ce, kuma hadisin Tamimud Dari da ke Sahihu Muslim ya lissafa shugabanni cikin waɗanda ake bin mu bashin yi musu ita. Amma nasiha tana da ladubbanta. Ka tabbatar kafin ka faɗa. Idan ba ka ga takardar ciniki ba, kada ka rantse an sayar, ka ce an rufe, domin wannan idonka ya gani, sannan ka nemi a fito da yarjejeniyar kowa ya karanta, haƙƙinka ne. Ban da zagi, ban da ƙona taya, ban da fasa shagon wani. Akwai mai unguwa da dagaci, akwai kansila, akwai ɗan majalisar da yake wakiltar Fagge, akwai limamin Juma'a, akwai rediyo, akwai kotu. Kuma wannan magana ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Maƙwabcinka na Sabon Gari, Ibo ne ko Bayerabe, layi ɗaya matarsa take bi da taka a asibitin gwamnati. Idan za a rubuta takardar koke, a kai masa ya sa hannu.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wannan. Da yawanmu ba yaran muke wa kuka ba, hular muke kallo. Wanda ya yi ta ihu lokacin da aka rufe Hasiya Bayero, idan gobe gwamnatinsa ta bar wani asibitin ba magani, sai ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wanda kuma ya kare rufewar jiya, yau shi ne mai ƙidaya gadajen da suka karye. Wallahi 'yan uwa wannan ba nasiha ba ce, kamfe ne. Jaririn da yake suma ba ya da jam'iyya.

Sannan buɗe ƙofa ba shi ne ƙarshen aiki ba. Gini yana iya kasancewa a buɗe alhali a rufe yake, idan ba likita da dare, ba jini, ba wuta. Cikin waɗanda suka yi murnar dawowar asibitin nan, mutum nawa ne suka taka suka leƙa bayan an kwashe kujerun biki? Haka Gidan Yara na Nassarawa, inda ake kai jariran da aka tsinta da yaran da suka ɓata. A mazhabarmu ɗaukar yaron da aka yar farilla ce ta kifaya, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali idan ba shi da komai. Ma'anar kifaya ita ce idan ba wanda ya yi, laifin ya hau kan duk wanda ya sani kuma yake da iko. Gwamnati tana ciki, mu ma muna ciki.

Ku kuma 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari, ku yi haƙuri da ni. Dukiyar da take wucewa ta Titin Ibrahim Taiwo tsakanin hantsi da la'asar Allah kaɗai Ya san adadinta. Layi ɗaya na masu shadda zai iya ɗaukar nauyin maganin ɗaki guda na yara duk wata ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Shago ɗaya da aka yi waƙafinsa, kuɗin hayarsa yana tafiya can, zai ci gaba da aiki bayan mai shi ya kwanta dama. Kuma jama'ar da take da hannu a wuri ta fi ƙarfin murya ranar da aka zo sa masa kwaɗo.

Mai tambayar nan na ce masa ya ɗauki maƙwabcin nasa ranar Juma'a bayan an sauko, su bar musun a shago, su je Hasiya Bayero tare. Su zauna a benci da iyaye mata su tambaye su daga ina suka zo, nawa suka kashe a hanya, wane magani aka ba su, wane aka ce su sayo a waje. Abin da suka ji su rubuta shi, su kai wa ɗan majalisarsu da sa hannun su biyu. Ya ce in sha Allahu za su je.

Wallahu a'alam.