Zanen Gwaggo da Farfesar da ke Harvard

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani baƙin ciki da ya same mu a gida. Gwaggona tana cikin matan cikin birni masu ɗaure farin yadi da zare, a kai marinar Ƙofar Mata a tsoma a baba, idan an kwance sai ado ya fito. Ta daɗe tana gwaji kafin ta gano wani ɗauri nata na kanta. Ba a yi shekara ba sai ga adon nan an buga shi da inji a jikin atamfar waje, ana sayarwa da arha. Ko sisi ba ta samu ba.

Da na kai wa malaminmu kuka, sai ya ce ai akwai fannin shari'a sukutum a kan haƙƙin mallakar fasaha, har ma wata 'yar ƙasarmu ta yi fice a cikinsa, wato Farfesa Ruth Okediji. A Jami'ar Jos ta fara karatun lauya, ta ƙaro ilmi a Harvard ta Amurka, ta koyar a Oklahoma da Minnesota, sa'an nan a 2017 Harvard ɗin ta ɗauke ta farfesa.

Ni da farko na ɗauka aikin irin waɗannan masana shi ne kafa shinge kawai, kada kowa ya taɓa kayan wani. Ashe ba haka ba ne. A 2013 ita ce ta ja gaban tawagar Nijeriya wajen tattaunawa a taron Marakesh ta ƙasar Maroko, inda aka ƙulla yarjejeniyar da ta halatta a mayar da littattafai rubutun makafi ko a naɗe su a murya ba sai an nemi izinin mai littafi ba. Nijeriya ta amince da ita a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shigar da wannan sassauci. Duk wanda ya taɓa ganin makaho mai son karatu ya san ba ƙaramin abu ba ne. Wannan shi ya fi burge ni, domin mai ilmin da ya san inda za a kulle, ya kuma san inda za a buɗe, ba ko'ina ake samunsa ba.

To, ina maganar Gwaggo? Nan ne na sha mamaki. Tun 1970 muna da doka a kan ƙirƙira da adon kayan sana'a. Wanda ya ƙago sabuwar na'ura ana ba shi kariyar shekara 20. Mai sabon ado kuwa yana iya yin rajista ta shekara 5, ya sabunta har sau biyu. Amma fa sharaɗi shi ne adon ya kasance sabo, bai riga ya bazu a hannun jama'a ba. Gwaggo kuwa ta sayar da nata tun kafin ta ji labarin wata rajista a Abuja.

Da na bayyana mata, sai ta yi shiru, can ta ce, “To ɗan nan, wa zai kai ni Abujar?” Yanzu haka akwai wani sabon ɗauri a ƙasan akwatinta, ta hana kowa gani, tana jira mu sami lauyan da zai cika mata takardun.