Kayan zaƙi na itatuwan gona

Idan kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, sai magarya ta nuna a gonakin Agiye. Yara kan ɗauki ƙwarya da sanda su nufi gona. Su bugi reshe, ƴaƴa su zubo, su bi suna tsinta. Aikin yana son hattara, domin ƙayar magarya lanƙwasasshiya ce, in ta kama riga ba ta saki da sauƙi.

Wata yarinya ƴar aji huɗu ta kawo wa kakarta ƙwarya cike. Ta ce: «Kaka, ga magarya. Amma ni minti nake so, irin na kanti.»

Tsohuwa ta yi dariya, ta ce: «Kishiyata, ajiye kuɗinki. Shanya wannan a tabarma. In ta bushe, za ki ci abin da ya fi minti.»

Da magarya ta bushe ƙayau, sai tsohuwa ta zuba ta a turmi. Ba ta daka da ƙarfi ba. Sannu-sannu take sakin taɓarya, don ɓawo da tsoka su rabu da ƙwallo, ƙwallon kuwa kada ya fashe. In ya fashe, garin zai yi tsakuwa-tsakuwa a baki. Ta tankaɗe, gari mai ƙamshi ya fito. Ta yayyafa masa ruwa kaɗan, daidai yadda zai haɗu in an dunƙula shi a hannu. Ta danna shi sosai cikin ƴan ƙoƙuna, ta jera su a madambaci, ta rufe. Tururi ya dafa shi. Da ya huce ta kife ƙoƙon, sai ga curi ja mai zaƙi da ɗan tsami. Sunansa akuri. Ba a sa masa sukari ba, ba a sa mai ba, ba a sa garin alkama ba. In an ajiye shi wuri busasshe ya kan daɗe bai lalace ba, shi ya sa matafiya ke yin guzuri da shi.

Abin mamaki, irin wannan abinci yana da masu nemansa a ƙasashe masu nisa. A Amurka da Turai akwai wani tsarin cin abinci da ake kira paleyo. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta «na dā can». Masu bin tsarin suna ƙoƙarin cin abin da mutane ke ci tun kafin a san noma da kiwo, wato fiye da shekara 10.000 da suka wuce: nama, kifi, ƙwai, ganye, saiwa da ƴaƴan itace. Ba su cin hatsi, ba su cin wake da gyaɗa, ba su shan nono, ba su taɓa sukarin kanti. A 1985 wasu masana biyu na Amurka, Iton da Kona, suka yi rubutu a kan haka cikin wata mujallar likitoci. A 2002 Loren Koden ya fitar da littafin da ya yaɗa tsarin a duniya. Tun da sukari da fulawa sun haramta gare su, in suna marmarin zaƙi sai su koma ga ƴaƴan itace. Su niƙa dabino, su kwaɓa da garin kuka, su dunƙula. Tarayyar Turai ma sai a 2008 ta yarda a sayar da garin ƴaƴan kuka a kasuwanninta. A nan kuwa ba wanda ya san ranar da aka fara shansa.

Kowane lokaci na shekara da nasa zaƙi. Da bazara ɗorawa ke nuna. A ɓare kwasfarta a sami gari rawaya mai laushi, a sha shi haka nan ko a dama da ruwa. Ɗanya na biye da ita, gab da faɗuwar damina. Kanya da kurna da aduwa sai ɗari da rani. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa ya nufi Mayahi, goruba ce sarauniya. Gurgurarta sai mai haƙori, amma mata kan fasa tsokar, su daka, su jiƙa, su tace ruwa mai zaƙi.

Ɗinya tana da aiki na daban. Idan ƴaƴanta suka yi baƙi wuluk, sai a wanke su, a jiƙa, a murje da hannu har ƙwallo ya fita fes. A tace ruwan a zuba a tukunya, a ɗora kan wuta. Nan ne haƙuri yake. Ruwan zai yi ta tafasa yana raguwa, ana juyawa da muciya don kada ya kama. In ya yi kauri ya yi duhu, an sami maɗi. In aka ci gaba da dafawa har ya riƙa bin muciya kamar zare, sai a sauke, a ja shi, ya zama alewa. Wadda ta tafi hira ta bar tukunya, baƙin gawayi za ta tarar.

Garin kuka kuwa tsami gare shi, kuma bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemu sau da yawa. Wannan bitamin yana taimakon dasashi da warkewar rauni, amma zafin wuta yana lalata shi. Don haka ba a dafa garin kuka, jiƙa shi ake yi da ruwa mai sanyi. An saba gauraya shi da nono. Mai bin tsarin paleyo, da yake ba ya shan nono, sai ya nemi aya.

Aya ba ɗiyar itace ba ce, a ƙarƙashin ƙasa take yin ƴaƴa. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen nomanta a Nijar, musamman ƙasashen Agiye, Gazawa da Gidan Runji. Haƙarta wahala ce, sai an tankaɗe ƙasa cikin ƙura da rana kafin a cika tiya ɗaya. Ga yadda ake yin madararta: a wanke aya kofi biyu, a jiƙa ta kwana. Da safe a cire ƙwallon dabino goma, a haɗa, a niƙa. A zuba tsabtataccen ruwa lita ɗaya, a tace da farin ƙyalle. In aka sa garin kuka cokali uku aka motsa, sai ta yi kauri kamar kindirmo. A sha ta ranar da aka yi ta, don zafi na saurin ɓata ta. Mutanen Balensiya ta ƙasar Sifen ma suna yin irin wannan abin sha da aya.

Duk waɗannan kayan zaƙi, ban da aya, a kan itace suke. Akwai lokacin da itatuwan suka kusa ƙarewa. An yi ta sassabe ana ƙone kututture, ga farin 1973 da na 1984. Gonaki suka zama fili, iska na binne shuka da rairayi. Wajen 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Toni Rinodo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturen da ke gonaki ba su mutu ba. In aka zaɓi toho mai ƙarfi aka bar shi, aka rage sauran, sai ya zama itace. Ana kiran wannan dabara sassaben zamani. Manoma suka karɓe ta. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a kanta, har da kwamitin tsaron itatuwa. Yau an ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Magaryar da yarinyar nan ta tsinto, wani ne ya ƙi sare ta tana ƙarama.

Sai dai ba duk abin da masu paleyo suka ce ya dace da yaron ƙauye ba. Hana gero da wake da nono ba dabara ba ce ga mai girma. Su ne ke ba shi ƙarfi, su ke gina jikinsa, nama kuwa ba kullum ake samu ba. Kuma zaƙi zaƙi ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage shan sukari, ta kuma lissafa zuma da tataccen ruwan ƴaƴan itace cikin abin da za a rage. Ashe maɗi da alewar ɗinya ma kaɗan ake lasa. Akuri ya fi su, don ana cinsa da dusarsa, yana ƙosarwa. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan. Mai ciwon sukari ya tambayi likita. Wanda ya sha zaƙi kuma ya yi asuwaki kafin ya kwanta.

Tambayoyi

1. Don me ba a daka magarya da ƙarfi?
2. Wane bambanci ke tsakanin maɗi da alewa?
3. Waɗanne abinci ne masu paleyo suka bari? Me ya sa yaro bai kamata ya bar su ba?

Aiki

Kowane ɗalibi ya ƙirga itatuwa masu ƴaƴa da ke gonar gidansu, ya rubuta sunayensu da lokacin nunarsu. A tambayi tsofaffi sunan itacen da ake ci a dā, wanda yanzu babu shi a garin.