Hasken Leza ko Na'urar Huda: Nazari kan Maganin Kogon Haƙoran Yara

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, yara kimanin miliyan 514 ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Magani shi ne a kankare ruɓaɓɓen wuri a yi ciko. Tambayar wannan maƙala ita ce: da me ya fi dacewa a kankare?

Na'urar huda mai aiki da iska, wadda ta bazu tun daga 1957, tana juyawa sau dubu ɗari uku ko fiye a minti guda. Tana da sauri, sai dai ƙararta da girgizarta na firgita yaro, sau da yawa kuma sai an yi allurar kashe zafi. Yaron da ya tsorata sau ɗaya, da wuya a sake zaunar da shi a kujerar likita cikin lalama.

Leza nau'in Er:YAG, wadda Amurka ta amince a yanka haƙori da ita a 1997, aikinta daban ne. Ruwan da ke cikin haƙori yakan zuƙe haskenta, mai tsawon zango nanomita 2940, ya tafasa nan take, sai wurin ya tarwatse ƙwaya-ƙwaya. Ruɓaɓɓen sashe ya fi lafiyayye ruwa, don haka ya fi saurin tashi. Haƙoran nono ma sun fi na manya ruwa, ɓawonsu kuma ya fi siranta, abin da ke wajabta wa likita rage ƙarfin hasken don kada ya kai ga jijiya.

Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2016 ta ga alamar cewa leza na rage zafi da buƙatar allura, amma ta ce hujjar mai rauni ce, ba ta kuma isa a ce leza ta fi huda kawar da ruɓa ba. Ga shi tana cin lokaci, ba a cire tsohon cikon amalgam da ita, kuma tilas kowa a ɗakin ya sa tabarau na kariya.

A ganin mai wannan nazari, leza ta cancanci yaro mai tsananin tsoro da kogonsa bai yi zurfi ba. Inda tsadarta da rashin tsayayyar lantarki suka hana, akwai dabarar ART da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980: a kankare ruɓar da kayan hannu, a cike da gilas-ayonoma, ba huda ba lantarki.